Inda Baba Ke Sakin Baki

Hanyar Birnin Gwari daga Mando take tashi, a gefen Kaduna, kuma tsofaffin direbobi har gobe hanyar Legas suke ce mata, don ita ce ke ratsa Tegina da Mokwa da Jebba har ta dangana da bakin teku. Tsakanin Kaduna da garinmu kilomita 120 ne ko abin da ya yi kusa da haka. A da mutum kan karya kumallo a Kaduna ya yi walaha a gida. Daga baya aka shiga wasu shekaru da sai an yafi juna a tasha kafin a rufe ƙofar mota, wata rana ma a jeru a bakin titi ana jiran rakiyar sojoji har rana ta take.

Cikin hunturu na shiga wata Golf, mu biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya, but ɗin ya ƙi rufuwa saboda katan-katan na taliya sai da aka ɗaure shi da igiya. Ba mu yi nisa ba muka wuce ta Afaka, inda kwalejin tarayya ta aikin gandun daji take. A nan ne aka kwashe ɗalibai 39 cikin dare a watan Maris na 2021. Yaran da aka tara don a koya musu kula da daji, aka tasa ƙeyarsu cikinsa da bakin bindiga. Ba wanda ya ce uffan. Sai da muka bar Buruku bakin direba ya buɗe, shi kuma kowane labarinsa da "nan" yake farawa. Nan aka tare mu ranar wata kasuwa. Nan suka sauke wani direban tirela da yaransa. Wancan kwalbatin kuwa, Allah kada ya maimaita mana. Bayan Udawa, da muka iso Kuriga, ya rage gudu ya nuna wajen makaranta da haɓarsa. Ranar 7 ga Maris 2024 aka kora yara daga wurin da safe. Da farko an ce 287 ne, ranar 24 ga watan aka dawo da 137, malaminsu guda bai dawo ba. Wata dattijuwa a baya ta ja salati, muka amsa mata.

Kowa a motar daji yake kallo, sai dai su abin da ke bayan itatuwa suke nema, ni kuwa itatuwan ne suka ɗauke min ido. Doka ce mai sarautar wannan ƙasa. In gobarar kaka ta wuce, tun ba a ga ɗigon ruwa ba, sai ta fid da sabon ganye jawur mai sheƙi. Kwansonta faffaɗa ne, rana na gasa shi yana murɗewa, har ya fashe, tas, ya watsa iri nesa da gindin uwa. Ranar da na fara jin ƙarar nan rugawa na yi na ƙanƙame ƙafar Baba, na ɗauka wani maharbi ne ya saki bindigar toka a kanmu. Ya yi dariya har sai da ya zauna a ƙasa, sannan ya tsinto kwanson ya nuna min yadda ya nannaɗe. Iya sanina wannan ce dariyar farko da ya yi daga ni sai shi.

Ni ne ɗan fari, kuma wanda ya tashi a gidan Bahaushe na wancan lokaci ba sai an yi masa bayani ba. A gida Baba bai taɓa kama sunana ba. "Kai" ne, ko "wannan yaron," in kuwa da baƙi, "ku ce wa wancan ya kawo buta." Ba ya ɗaukata, ba ma zama tabarma ɗaya, in na zo na ɗaya a aji ƙannena yake saya wa alewa. Kunya ce, kuma a wajen mutanen da kunyar ɗan fari abin yabo ce. Su ƙannen nawa mata sun sha gata. Shi ke yi musu fifita da dare in bazara ta matsa, shi ke ɗinke musu maɓallin rigar makaranta a zaure kowa na gani, shi ke saɓa su a wuya ya kai su madatsar ruwa ta Bagoma kallon tsuntsaye. Da Inna ke wankan jegon autanmu shi ya riƙa hura wutar ruwan da asuba, har 'yan majalisa suka fara kiransa mijin-ta-ce a bayan idonsa. Labari ya zo masa, bai fasa ba.

Rabona ranar Asabar yake zuwa. Malamin firamare ne shi, ba maharbi ba, ba kuma malamin daji ba. Yakan ɗora ni a kariyar kekensa, goran ruwa a rataye, 'yar wuƙa da ƙuli-ƙuli a aljihu, da wani littafin rubutu da ya sha hannu. Babu bindiga, babu gatari. To a garinmu ba a shiga daji haka siddan. Ana shiga don itace, ko farauta, ko zuma, ko sassaƙe, ko cigiyar dabbar da ta ɓata. Wanda zai wuni a ciki ya dawo hannu rabbana dole a nema masa fassara. Wasu suka ce zinare yake nema a ɓoye, tunda ai an san Turawa sun haƙa a Tsohon Birnin Gwari zamanin mulkinsu. Wasu suka ce da mutanen ɓoye yake hulɗa. Shi dai in an matsa masa sai ya ce maƙwabta ya je gaisarwa.

Da mun wuce gonar ƙarshe, ya jingine keken a gindin wata ɗorawa, sai bakinsa ya saki. Nasiha ba ta cikin abin da yake min, tambaya ce zalla. Wannan ganyen na wace bishiya ne? Wa ya wuce nan, gada ko mazo, kuma yau ne ko jiya? A haka na san taura tun ba ta yi 'ya'ya ba, da maje wanda mata ke turare da ƙaronsa, da ƙirya da ake sassaƙa turmi da ita maƙera kuma ba su da gawayin da ya fi nata, da tafashiya ta bakin rafi mai saiwar nan mai ɗaci. Tarkonsa kullum namijin kaɗanya ne, don ganyensa na ruɗin wanda bai lura da ɓawo ba. In na faɗi daidai sai ya ce madalla, sannan ya haɗa da sunana, ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron kada itatuwa su kai ƙararsa gida. Da yamma in mun doshi gari, daga daidai inda ake fara jin daka, sai ya yi shiru. Kafin mu kai ƙofar gida na koma wannan yaron.

Mun shiga gari kafin azahar. Ya cika ya batse, amma ba cikar arziki ba ce, mutanen ƙauyuka ne da suka gudo. A gidan Gwaggo inda na sauka, ɗakunan da muka taso ana ajiye buhunan masara a ciki yanzu iyalai ne. Akwai wata mata daga Gwaska, inda aka kashe fiye da mutum 40 a rana ɗaya cikin watan Mayu na 2018. Ta gaishe ni ta koma ɗaki, ban sake jin muryarta ba. Gwaggo kuwa abin da ya fi tsaya mata a wuya shi ne 2021, lokacin da gwamnatin jiha ta sa aka katse layukan waya daga ƙarshen Satumba har cikin Nuwamba, aka hana hawa babur, aka hana cin kasuwannin mako. Ta ce, "Ɗan nan, mu aka ɗaure, su suna sake."

Da la'asar na leƙa Kara. A ƙarshen Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya zo garin nan ya karɓi waɗanda aka ce sun tuba, ya buɗe kasuwar shanun bayan ta yi kusan shekara 10 a rufe. Ga dillalai suna tafa hannu, ga tireloli ana lodin kudu, ga ƙura da warin kashin shanu, abin da a da ba mai kulawa da shi yanzu mutane na shaƙarsa da murna. Wani mai shayi ya nuna min bencinsa ya ce, "Malam, wanda jiya muke kwana a kan dutse saboda shi, yau nan yake zama, har ya ce a ƙara masa madara." Na tambaye shi yadda yake ji. Ya ce yana ƙarawa. Ni raina bai kwanta da sulhun da ba a tsayar da kowa gaban alƙali ba, ba a kuma tambayi irin matar nan ta Gwaska ko ta yafe ba. Amma wanda ke kwana a Kaduna ya kamata ya san iyakar bakinsa. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Bayan isha'i, muna zaune a tsakar gida, Gwaggo ta faɗi maganar da na san za ta faɗa, don duk wanda ya san Baba sai ya faɗa min ita. "Allah ya yi wa ɗan'uwana gata, ya ɗauke shi bai ga wannan zamani ba."

Bai cika hamsin ba. Ranar Asabar ya wuni a daji shi kaɗai, don ni lokacin ina makarantar kwana. Ya dawo ya ci tuwonsa, ya duba littattafan 'yan ajinsa a hasken fitila. Lahadi da hantsi yana zaure yana facin tayar keke ya aika a ce wa Inna ƙeyarsa na sara, a kawo masa ruwa. Kafin ruwan ya iso ya kife gefe guda, baki ya karkace. Aka samo mota, amma ba a isa asibiti da shi da rai ba. Waya ba ta zo hannun kowa ba a lokacin, wani direba aka ba saƙo, shi kuma sai da ya gama lodinsa. Ko da na iso an daɗe da dawowa daga maƙabarta, an shimfiɗa tabarmi ana karɓar gaisuwa. Keken na nan a zaure an kifa shi, taya ɗaya a cire. Wani dattijo ya kama hannuna ya zaunar da ni a inda Baba ke zama, ya ce daga yau kai ne babba.

Gari bai rasa bayani ba. An ce iskokin dajin ne suka karɓi abinsu, an ce ya tsallaka abin da ba a tsallakawa, an ce jifa ce. Sai bayan shekaru, da na kwatanta wa wani abokina likita yadda abin ya faru, ya ce alamu duk na hawan jini ne da ya fasa jijiya a ƙwaƙwalwa. Ya tambaye ni ko an taɓa auna shi. Ina fa! Mutumin da ke wuni a ƙafa, ba tumbi, ba taba, goro kaɗai, wa zai ce masa je ka a gwada ka? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin manyan da ke da hawan jini ba su san suna da shi ba. A garin da bindiga ta yi shekaru tana ɗibar mutane kuwa, wanda ya faɗi a zaurensa aka yi masa sutura a gaban 'yan'uwansa cikin masu sa'a ake lissafa shi, don haka ba mai tsayawa bin ba'asin abin da ya kayar da shi. Na tambayi 'ya'yan Gwaggo maza, duk sun haura arba'in, ko akwai wanda ya san awon jininsa. Suka dube ni suka yi dariya.

Na ce wa Gwaggo amin, don ba a musu da babba a kan mamaci. A raina dai ban karɓa ba. In gata ne, nasa ne shi kaɗai. Autanmu bai san muryarsa ba. Ƙannena mata an aurar da su ba shi a zaure. Ni kuma an yanke min karatu a tsakiya, kuma makarantar da zan je in ƙarasa da kaina, ita ma ba a jima ba aka rufe ta da bindiga. Ko littafin nan nasa, inda yake rubuta ranar da ɗorawa ta fara tutu da ranar da ya fara ganin shamuwa kowace shekara, gara ce ta gaje shi a cikin akwati.

Da safe na je maƙabarta. Ta ninka yadda na san ta, har ta cinye gonar da ke gefenta. Ba ma sa alama, ruwan damina kuma ya daidaita ƙasa. Tsohon da ke kula da wurin ya yi tunani, ya nuna da sandarsa, ya ce tsakanin wancan kargon da wannan geza. Na tsaya a tsakanin na yi wa kowa addu'a.

Daga nan na nufi gidan amininsa, wani maharbi da yanzu tsufa ya kama, ido ya fara hazo. Ya shafa fuskata ya ce, "Ɗan Malam ne? Har ka yi furfura ba ka gaya min ba." A bangon ɗakinsa har yanzu kan burtunsa na rataye, wanda yake ɗaurawa a goshi ya yi rarrafe cikin ciyawa yana kaɗa kai har ya kusanci nama. Na tambaye shi yadda aka yi maharbi ya yi abota da mutumin da ko ɓera bai taɓa kashewa ba. Ya ce, "Ubanka ai bala'i ne a wajen farauta. Duk sanda na ɗana, gwanki ya tsaya min daidai, sai tari ya kama shi. Tarin da ba ya kama shi a masallaci, ba ya kama shi a aji." Ya ce sau da yawa ya rantse ba zai ƙara tafiya da shi ba, Asabar na zagayowa kuma sai ya ji ƙararrawar keke a ƙofa.

Dajin da suke shiga shi ne Kamuku, sunan mutanen da suka riga kowa zama a wannan yanki tare da Gwari. Tun 1936 En'e ta keɓe shi ya zama gandu, a watan Mayu na 1999 kuma gwamnatin tarayya ta karɓe shi ta mai da shi gandun daji na ƙasa. Faɗinsa murabba'in kilomita 1,121, kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Zamfara. Masu ƙidayar tsuntsaye sun rubuta iri 177 a cikinsa, har da tuje da burtu. A da akwai giwa, da gwanki, da kanki, da mazo, da mugun dawa, da gwaggon biri da jan biri. Akwai Dogon Ruwa inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse, da Goron Dutse, da kuramen bakin rafi inda za ka ga kwakwar manja ka rantse kudu kake. Karɓar da tarayya ta yi ta faranta wa Baba rai, ta baƙanta wa amininsa, don a rana ɗaya doka ta mai da sana'ar kakanninsa sata. Sun yi ta kai ruwa rana a kan wannan har mutuwa ta raba.

Amma babbar gardamarsu a kan rema ce. Akwai wani tudu a gandun da ake kira Tsaunin Rema, manyan duwatsu ne wani kan wani, remaye na shan hantsi a kai. Can Baba ya taɓa kai mu ni da maharbin, ya tsaya ya sanar da mu cewa ya karanta a littafi wannan 'yar dabbar da ba ta fi zomo ba 'yar'uwar giwa ce. Gaskiya ya faɗa, masana dabbobi sun tabbatar da dangantakar, suna kafa hujja da haƙoranta biyu na sama masu fitowa irin na haure da faratanta masu faɗi. Maharbi ya ce shi ya feɗe rema ya ga gawar giwa, kuma Bature bai isa ya haɗa masa zumuncin da Allah bai haɗa ba. Da na tuna masa, sai ya gyara zama, ashe wutar ba ta mutu ba. "In 'yar'uwarta ce, ka taɓa jin ta je mata suna?"

Na roƙe shi ya kai ni iya inda ake iya zuwa. Jikansa ya ɗauko babur, muka hau mu uku, tsoho a tsakiya. Ƙasar nan ta noma ce ta gaske, masara da dawa da waken suya da shinkafa a fadamu, ita ke cika motocin da ke zuwa manyan kasuwannin hatsi. Mun wuce gonakin da aka girbe bana karo na farko bayan shekaru, kusa da su kuma saurukan da sabara da kargo suka rufe, masu su sun mutu ko sun bar ƙasar. Yaron ya riƙa nuna min inda a da sai an biya kuɗi a yi shuka, a sake biya a yi girbi. Sai buhunan gawayi, jere a bakin hanya suna jiran mota. A 2021 gwamnatin jiha ta hana saran itace a wannan yanki, amma kututturan da na gani ba su ji sanarwar ba. Ƙirya ce ta fara tafiya, don gawayinta ya fi tsada.

A gefen wata gona, inda hanyar babur ta zama turbar shanu, tsoho ya taɓa kafaɗar jikansa. "Iyakarmu nan." Ɗorawar da Baba ke jingine keke tana gaba, ban hango ta ba. Muka sauka. Tsoho ya lalubi wata bishiya ya shafa ɓawonta, ya ce wa jikan nasa mece ce wannan. Yaron ya haura ashirin, jikan maharbi ne ta wajen uba, ya duba sama ya duba ƙasa ya ce, "Itace ne, Kaka." Taura ce. Bai san ta ba sai a tire, in yara na talla. Amma da na tambaye shi abin da ke gaba, tiryan-tiryan ya zana min: daga rafin nan zuwa dutsen can yaran wane ne, daga can kuma na wane, ga inda masu wa'azin nan na ƙungiyar Ansaru suka taɓa zama ta gabas, ga ramukan zinare da wanda ke karɓar kaso a kansu. Yana iya bambance bindiga da bindiga daga ƙararta. Ba laifinsa ba ne. Yana tasowa aka rufe dajin, abin da zai cece shi ya koya.

Muna nan sai ga wani saurayi da shanu, sanda a kafaɗa, waya a hannu tana kiɗa. Tsoho ya ce, "Sannu da kiwo, samari. Ɗan gidan wa?" Ya faɗa, a taƙaice. Tsoho ya gane kakansa, ya nuna ni ya ce uban wannan ya sha nono a rugarku ba adadi, shi ke karanta wa kakanka takardar asibiti, shi ya yi ta bin sa ya ba da yara a sa su makaranta. Saurayin ya ce Allah ya jiƙansa, idonsa na kan takalmina da agogona, ya kaɗa shanunsa ya wuce. Ban san abin da ya yi a shekarun nan ba, ban kuma san abin da aka yi masa ba. Su ma Fulanin daji ai su aka fara kwashe wa shanu kafin abin ya zama na kowa da kowa, 'yan sa-kai suka shigo, ramuwa ta hau kan ramuwa. Tun 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya a ƙasar nan, ga shi saurayin da aka haifa shekaru bayan haka bai yi kama da wanda ya taɓa zama a aji ba.

Ba ina cewa malamin firamare mai keke zai tare abin da bataliyar soja ta kasa ba. Da yana raye wataƙila da shi aka fara, don ba zai ji hani ba. Abin da na gani a bakin turbar nan shi ne, tun kafin bindiga ta zo dajin ya rasa masu shigarsa don Allah. An hana maharbi da mai zuma da takarda, aka bar fili mai wannan girma a hannun ma'aikatan da ba su kai su zagaye shi ba, ga shi ya haɗe da dazuzzukan Zamfara da Neja da Katsina. Abin da ya sa giwa ta so shi, wato nisa da rashin ido, shi ya sa ɓarawon shanu ya so shi. Yanzu duk mai shiga da abin da ya kai shi: gawayi, katako, zinare, kiwo, kuɗin fansa. Mutum guda da na sani yana shiga don ya ga ko doka ta yi sabon ganye, gari ya ɗauke shi mai taɓin iska. Ni kuma da na haifi nawa ɗan farin, a Kaduna, ina kiran sunansa a gaban kowa har Inna na tsawata min, amma ba ni da inda zan kai shi in tambaye shi wa ya wuce nan.

Iska ta taso, wani kwanson doka ya fashe a can ciki. Jikan maharbi ya duƙa kafin ya ankara, sannan ya miƙe yana kaɗe gwiwa yana jin kunya. Kakansa bai yi masa dariya ba. Ya ce mu koma, rana ta yi.

A hanyar dawowa tsoho ya ce duk makiyayin da ya shigo Kara sai ya sa an tambayar masa ko ya ga sawun giwa, har yau ba wanda ya kawo masa labarin da ya gamsu da shi. Remaye dai ya tabbata suna nan, don ba mai ɓata harsashi a kansu. Na ce masa motar Kaduna zan bi, direbobi har yanzu ba sa son la'asar ta same su a hanya. Muka sauke shi a ƙofar gida, na sa masa ɗan abin goro a aljihu, ya riƙe hannuna bai saki ba.

"Ɗan Malam, in zaman nan ya ɗore, ka dawo da bazara, ciyawa ta kwanta. Ka zo da yaron naka. Ko a kan jaki ne sai na kai ku Tsaunin Rema. Kuma ka nemo littafin nan da ubanka ya ce ya karanta, a karanta min in ji da kunnena, don ni har yanzu ban yarda ba."